Biskit a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a ta lokacin sanyi a bayan garin Umm Salal, ko da kuwa na so in manta, domin waɗanda suka halarta ba su da niyyar ƙyale ni. Kafin in zo Doha na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo, aikin kuma ya koya mini in faɗi abu yadda ya faru, ba ƙari ba ragi. Zan gwada haka a nan, duk da cewa a wannan karon ni ne labarin.

A benen da muke haya a Al Mirqab, ƙofarmu tana kallon ta wani dattijo ɗan Indiya, Mista Tomas, injiniya ne da ya kusa ajiye aiki. Matarsa ta rasu tun kafin mu tare a gidan, ta bar masa kare guda mai suna Biskit. Dogon kare ne siriri, irin na Larabawa masu gudun tsiya, wanda ta tsinta a bakin titi yana ɗan kwikwiyo. Ni da karen ba mu da wata hulɗa. In mun haɗu a lif nakan manne da bango in tattare rigata, shi kuma ya bi ni da ido kamar mai son tambayar lafiyata. Amma Mista Tomas mutumin kirki ne. Ranar da naƙuda ta kama matata Hajara, ina ofis a West Bay, cunkoson motoci ya tare ni. Shi ya kai ta asibiti, ya zauna a kan benci har na iso.

Wanda bai zauna a Doha ba, ba zai gane abin da sanyi yake nufi ga kare ba. Da zafi, kwalta tana iya ƙona tafin ƙafar dabba, don haka kare yakan shafe watanni a ɗaki yana kallon duniya ta taga. Sai ƙarshen shekara iska ta juya, sannan kowa ya fito, da mutane da tantunansu da gawayinsu da karnukansu. A lokacin ne Mista Tomas yakan kai Biskit bayan gari ya sake shi ya yi gudu har ya gaji. To a wannan shekarar, sanyi na shigowa aka yi wa dattijon aiki a gwiwa. Ya dawo gida da sanduna biyu da umarnin likita cewa kada ya kuskura ya tuƙa mota.

Biskit ya daina cin abinci. Ya yayyaga matashin kujera, ya cinye gefen ƙofa, sannan ya koma kwanciya a bakin taga yana wani siririn kuka. Na shiga duba dattijon wata rana, na tarar da shi zaune yana shafa kan karen.

"Ba zan roƙe ka ba," ya ce. "Na san yadda kuke da kare."

Da ya roƙe ni, mai yiwuwa da na sami hanyar zillewa. Da yake bai roƙa ba, sai na ji bakina ya ce, "Kawo igiyar."

Na tsara abin kamar yadda ake tsara shirin rediyo. Na ware tsohon wando da riga na wannan aiki kaɗai. Na shimfiɗa bargo a kujerar baya. Na sayi safar hannu (wadda na daina sawa bayan 'yan kwanaki, amma ban faɗa wa kowa ba). In na tashi daga ofis sai in ɗauko shi mu wuce Umm Salal, zuwa wani fili a bayan gonaki inda babu kowa. Kafin mu isa la'asar ta yi. Sai in sauke masa gilashi don ya sha iska, in shimfiɗa darduma a gefen mota in yi sallata, in na sallame in buɗe masa ƙofa.

Ban taɓa zaton zan tsaya kallon kare da sha'awa ba, amma gudun Biskit abin kallo ne. Yakan miƙe kamar an ja zare, ƙafafunsa kamar ba sa taɓa ƙasa, ya ɓace a bayan tudu sannan ya ɓullo ta inda ban zata ba. Na saya masa ƙwallo, ya shinshina ya bar mini abina. Abin da yake so shi ne tsohuwar robar ruwa da zan cilla, ya kamo, ya ƙi ba ni. Ranar da iskar arewa ta taso kuwa, sai in sa masa wata jar rigar sanyi da marigayiyar ta saƙa masa da hannunta, domin ba shi da kitse ko kaɗan, rawar ɗari yake yi. Da Hausa nake masa magana. Na ga ba dalili in tsaya a tsakiyar rairayi ni kaɗai ina Turanci da dabba. "Zo nan." "Zauna." "Bari." Cikin ɗan lokaci ya haddace, ya koma cin abinci, Mista Tomas ya koma barci.

Matsalar ita ce, a cikin Hausawan Doha ana kirana Malam Mai Labarai. Ni nake gabatar da jawabi a wurin suna, ni ake ba wa lasifika a taro. Kuma ni ne na taɓa cewa, a gaban jama'a, duk wanda ya sa wa kare riga ya kamata a duba lafiyarsa. An yi dariya sosai a ranar. Don haka na rufe bakina.

"Baban Nana, ka faɗa wa mutane kawai," Hajara ta ce. "Taimakon maƙwabci ne, ba sata ba."

Na ce mata ba kowane labari ake watsawa ba.

Ana cikin haka mahaifinta ya zo daga Zariya ganin jikarsa Nana. Baba tsohon shugaban makaranta ne, dogo, mai ƙarancin magana. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In yana son in san wani abu, sai ya faɗa wa wanda ke kusa, ina tsugune ina ji. Kuma kowa a gidan ya san bai so aka kai ta wata ƙasa ba. Burina guda ne a wannan ziyara: ya koma Zariya ya ce 'yarsa tana hannun kamilin mutum. Na aske gashi, na fito da shaddodina, na dakatar da fitar Biskit.

Kukan ya dawo, kuma bangon gidajen haya ba shi da sirri.

"Wannan kukan fa?" Baba ya tambayi Hajara.

"Karen maƙwabci ne, Baba."

"A cikin ɗaki?" Ya ɗan janye ƙafafunsa daga bakin ƙofa. "Allah ya kyauta."

Mista Tomas bai yi ƙorafi ba. Da safiyar Juma'a ne na buɗe ƙofa na gan shi a bakin lif, sanda a wannan hannu, sanda da igiyar kare a wancan, gumi a goshinsa. Wai zai ɗan zaga da shi ne a ƙasan bene. Biskit na ja sau ɗaya, da an koma asibiti. Na karɓi igiyar na mayar da su ɗaki, na yi masa alkawarin yau ɗin nan zan fita da shi.

A ranar kuma 'yan'uwa Hausawa suka shirya fita bayan gari don karrama Baba, da gashin nama da shayi, a wani wuri da ba shi da nisa da filinmu. Nan na ga dabara (kuma har yau ina ganin a takarda dabarar ba ta da aibu). Bayan sallar Juma'a, Baba da Hajara da Nana suka shiga babbar motar Dakta Kabiru, wani likita abokinmu. Ni na ce zan biyo su da gawayi da ƙanƙara. Suna tafiya na ɗauko Biskit, na sa masa jar rigarsa saboda iska, muka kama hanya. Na ajiye motar a bayan wani tudu inda ba a hango ta daga wurin taron, na sauke gilashi, na kinkimo buhun gawayi a kafaɗa. Niyyata in gaisa, a yi salla, in ce na yi mantuwa a mota, in je in sake shi ya yi gudunsa mu dawo.

Da la'asar ta yi aka jera tabarmi, aka ce Baba ya wuce gaba. Ya girgiza kai.

"Ni matafiyi ne. Mazaunin gari ya ja mu."

Sale, wani direba ɗan Katsina da ba ya ganin abu ya yi shiru, ya tura ni ta baya. "Ga mai murya nan, Baba. Surukinka."

Baba bai dube ni ba, amma ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan shi ne yabo mafi girma da na taɓa samu daga gare shi. Na wuce gaba cikin farar shadda da hula zanna, zuciyata fal. La'asar ba a bayyana karatu a cikinta, don haka duk abin da nake da shi na zuba shi a kabbara. Kowace kabbara na fitar da ita daga ƙirji, yadda aka koya mana fitar da kanun labarai. Da na zo sallama kuwa, sai na ba ta haƙƙinta gaba ɗaya. Ina jin har masu gonaki sun ji.

Akwai wanda ya ji, tabbas. Ni ban taɓa lura ba, amma duk yammacin da muka fita, wannan kalmar ce ke zuwa kafin a buɗe masa ƙofa. A wajen Biskit, sallamata ita ce izini. Da ya ji ta, ƙofa ba ta buɗe ba, ga kuma gilashi a sauke, sai ya yanke hukunci da kansa.

Ban ƙarasa juyo da fuskata ga jama'a ba na ga wani jan abu ya tsallako tudu. Ya zagaye sahu (adalci ya sa in faɗa, bai taka tabarmar kowa ba), ya zo ya ɗora ƙafafunsa biyu a ƙirjina, ya lashe ni tun daga haɓa har goshi. Hulata ta faɗi baya.

Sahu ya watse. Dakta Kabiru, mutumin da yake yanka mutane ya ɗinke ba tare da hannunsa ya yi rawa ba, na gan shi tsaye a kan akwatin ƙanƙara. Wani ya yi gabas da takalmi ɗaya a hannu. Daga tantin mata aka ɗauki salati. Baba kaɗai bai motsa ba, yana zaune yadda ya sallame, carbi na tafiya a yatsunsa.

"A'uzubillahi! Karen wa ne wannan?" wani ya tambaya.

A nan ne wurin da nake so in tsallake, amma ba zan tsallake ba. Ina zaune a kan darduma, yawun kare na sauka a gemuna, na buɗe baki da muryar nan tawa mai natsuwa na ce, "Ina jin na masu gonar can ne."

"Masu gona har rigar sanyi suke saƙa wa kare?" in ji Sale.

"Larabawa ne," na ce. "Ba abin da ba sa yi."

Biskit ya zauna a gabana yana kaɗa wutsiya, yana duban hannuna ko da robar ruwa. Na kawar da kai kamar ban taɓa ganinsa ba.

Jama'a suka fara korarsa da Larabci. "Yalla! Barra!" Ana tafi, ana buga faranti. Shi ya ɗauka wasa ne, ya yi tsalle nan ya yi tsalle can. Sai wani ya wurga masa itacen wuta, ya same shi a haƙarƙari. Ya yi ƙara, ya zabura, ya miƙe da gudun nan nasa. Ba tudu ya nufa ba. Ya nufi hanyar da samarin gari suke tsere da manyan motoci ranar Juma'a, kuma ina hango ƙurar wata tana tahowa.

Ban yi wani dogon tunani ba. Mista Tomas kawai na gani a bakin lif da sandunansa, da kuma ni ina ƙwanƙwasa masa ƙofa da jar riga a hannu. Na miƙe tsaye.

"Biskit! Tsaya!"

Ya ja birki har rairayi ya tashi.

"Zo nan!"

Ya juyo. Motar ta wuce ta bayansa da ƙara. Ya taho a guje, yana ɗan ɗingishi, ya iso gabana.

"Zauna."

Ya zauna.

Na yi aiki a rediyo, na san shiru iri-iri, har da na lokacin da wuta ta ɗauke ana tsakiyar labarai. Ban taɓa jin irin wannan ba. Sale ne ya fasa shi.

"Ikon Allah! Karen Balarabe da Hausa rangaɗau."

Baba ya ɗaga kai ya dubi Dakta Kabiru, wanda har lokacin bai sauko ba. "Dakta, tambayar mini liman. Masu gonar nan 'yan wane gari ne?"

Dariyar da aka yi, har mata suka leƙo daga tanti. Wani ya kwanta a tabarma yana riƙe da ciki. Ni kuwa ina tsaye riƙe da wuyan jar rigar Biskit, ba hula, da sawun ƙafa biyu a gaban shadda, na rasa inda zan sa idona. Hajara ce ta fito ta durƙusa daga gefe ta ba mahaifinta labari tun daga farko: aikin gwiwa, matar da ta rasu, karen da ya daina cin abinci, da ranar naƙudarta. Ba ta ƙara komai ba, ba ta kuma rage ba, har da cewa ta ce in faɗa na ƙi.

Baba ya saurara har ta gama. Sannan ya ce, "A ba shi ruwa."

Sale ya miƙo mini kofi.

"Karen," in ji Baba.

Aka ba Biskit ruwa a murfin tukunya, wanda mai tukunyar ta ce daga yau ta bar masa. Ni aka ba ni buta. Sale ya tsaya a kaina yana ba da umarni.

"Malam, sau bakwai ne, har da ƙasa. Ka yi sa'a, ƙasa ce ko'ina, ba sai ka je kanti ba."

"Wannan hukuncin ƙwarya ne, ba na fuska ba," Dakta ya ce daga nesa.

"To ai ni ban ga bambanci ba yanzu."

Aka shiga muhawara a kan fuskata, kowa da abin da malaminsa ya karantar da shi, ina tsugune ina wanke gemu. Da na gama, Baba ya sake juyawa wajen Dakta ya ce tun da an kawo dabbar, a sake ta ta yi abin da ya kawo ta. Haka na ja Biskit zuwa wancan gefen, nesa da hanya, na cilla masa robar ruwa a gaban duk Hausawan da na taɓa yi wa jawabi. Ɗingishin ya sake shi, ya miƙe. Na ji wani a bayana yana cewa, "Kai, wannan ai ya fi babur." Nama kuwa ban ci ba. Dama ba na cin abinci a gaban Baba, ranar ce kaɗai al'adar ta yi mini amfani.

Washegari Baba ya sa babbar riga ya ce wa Hajara a kai shi ya duba maƙwabci. Ya zauna a kujerar da ta fi nisa da karen, ya naɗe ƙafafunsa sama, Hajara tana fassara. Ya yi wa Mista Tomas sannu da jiki, ya yi masa ta'aziyyar matarsa duk da an daɗe, ya yi masa godiyar kai 'yarsa asibiti. Mista Tomas kuwa sai goge ido yake. Biskit ya matso zai gaisa, Baba ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Zauna." Ya zauna. Baba bai yi murmushi ba, amma na ga gemunsa ya motsa.

Duk da haka ban san matsayina ba har ranar da zai koma. Ni na kai shi filin jirgi, mu biyu kaɗai a mota, babu wanda zai faɗa wa magana in ji. Muka yi nisa a hanya. Sai ya yi gyaran murya, kuma a karo na farko tun da na san shi, ya yi magana da ni.

"Kare ba ya cikin abin da nake so, kuma ba zan fara yanzu ba. Amma maƙwabcinka yana da haƙƙi, ka kuma sauke. Hajara tana wuri mai kyau." Na riƙe sitiyari da hannu biyu. "Abu ɗaya ne ya ba ni mamaki. Mutum ya ja mu salla, ya sallame, ko istigfari bai yi ba ya shimfiɗa ƙarya."

Na ce, "Na tuba, Baba."

"Ba ni za ka faɗa wa ba. Duba hanya."

Har yau ina fita da Biskit in sanyi ya shigo, yanzu da Mista Tomas a kujerar gaba, gwiwa ta warke amma ya ce tuƙina ya fi nasa. Sale ba ya kirana Malam Mai Labarai kuma, mai gona yake ce mini, har a gaban baƙi. Darasin da na ɗauka bai da tsawo. In ƙarya ta zo wa mutum, ya bari ya tashi daga kan darduma tukuna. In ya tashi, ya naɗe ta, ya sa takalmi, sai ya fasa.